Yadda ake jan tirelar jirgin ruwa, da saukar da shi a gaɓar laka, da kula da boris

Ƙananan tirelolin da ake ɗora wa jirgin ruwa mai inji a Garwa, Marwa da Kuseri, a arewacin Kamaru, galibi iri biyu ne: ko ta hannu ce da aka shigo da ita daga Turai, ko kuma mai walda ne ya haɗa ta da gatarin tsohuwar mota. Ta Turai an ƙera ta ne domin kwalta mai kyau da gangaren siminti da ke shiga ruwa. Mu kuwa abin da ke gabanmu gargada ce, da ƙura, da zafin bazara da kan haura digiri 40, sannan gaɓar laka. Shi ya sa yawancin matsalar ba a tsakiyar ruwa take ba. Tana kan hanya, tana bakin gaɓa, tana kuma cikin hob ɗin taya, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, inda boris yake, ƙananan ƙarafan da ke sa ta juyawa a kan gatari.

Fara da lissafin nauyi

A wuyan tirela akwai ɗan allon ƙarfe da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka har da nata. Ka haɗa lissafi kafin ka ɗora. A ce jirgin kilo 400 ne. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ya ɗara kilo 70. Fetur lita 100, wato jarka huɗu masu lita 25, ya kai kilo 75. Ƙara anga, igiya, raga da ƙanƙara, sannan nauyin ita kanta tirelar, za ka ga an tasar wa kilo 800 ba ka ankara ba. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin tirelar da ta wuce kilo 750 tana buƙatar birki nata na kanta, kuma lasisin tuƙi na rukunin B kaɗai bai ishe ta ba, sai an haɗa da na E. Gara ka san haka tun a gida da jandarma ya sanar da kai a hanya.

Abu na biyu shi ne nauyin da ke sauka a kan ƙwallon ja na mota, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da ake maƙala tirela a kai. Ya kamata ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na jimillar nauyin, wato kilo 40 zuwa 56 ga tirela mai kilo 800. Aunawa ba wuya: ka ajiye sikeli a ƙasa, ka tsayar da guntun katako a kansa daidai tsayin ƙwallon, ka sauke bakin tirelar a kai. Jirgin ruwa nauyinsa a baya yake saboda inji, don haka sau da yawa gaban ne ke yin shafal. Tirelar da gabanta bai da nauyi ita ce ke fara lilo da zarar gudu ya ƙaru. Maganinsa a matsar da jarkoki da kaya gaba. In bai isa ba, a kwance sandar winci, wato na'urar jawo jirgi kan tirela, a matsar da ita gaba, jirgin ya biyo ta. Amma a kula, ƙarshen jirgin inda inji ke rataye dole ya zauna a kan katako ko rola ta ƙarshe. Idan ya leƙo waje yana reto, gargada za ta tsaga shi.

Haɗawa da ɗaurewa

Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka inci 2 ne, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai 47.6. Da ido ba a bambance su, amma bakin 50 a kan ƙwallon 47.6 zai iya tsalle ya fita a rami na farko. Girman yana rubuce a saman ƙwallon, ka goge giris ka karanta.

Ka sauke bakin a kan ƙwallon, ka kulle, sannan ka murɗa ƙaramar tayar gaba kamar za ka ɗaga tirelar. In bayan motar ya ɗago tare da ita, ya kama. Daga nan ka naɗe tayar sama sosai ka ɗaure. Sarƙoƙi biyu a gicciye su a ƙarƙashin wuyan, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, domin in bakin ya kuɓuce ya faɗa kansu maimakon ya soki ƙasa. Mai birki tana da siririyar waya da ke jan birkin idan ta rabu da mota. A jikin motar ake maƙala ta, ba a kan sarƙa ba. Sai fitilu: wani ya tsaya baya, ka gwada birki, sigina da fitilar dare. Idan ka kunna sigina sai duk fitilun suka riƙa ƙyaftawa tare, kada ka ɓata lokaci kan ƙwan fitila. A fulogi mai baki 7 farar waya ce ke komawa jikin ƙarfe, kuma tsatsa ce ta ci inda ta kama. A kankare a sake ɗaurewa.

Igiyar winci ba ɗauri ba ce, ta jawo jirgi ce kawai. Hancin jirgin yana buƙatar sarƙa ko bel na daban da zai ja shi ƙasa, bayansa kuma bel biyu, ɗaya kowane gefe, da tsumma inda bel ya taɓa kaifi. Injin da ake riƙe wa da hannu, mai doki 15 ko 40, in tafiyar mai nisa ce a kan burji, ya fi kyau a cire shi a kwantar a bayan mota a kan tsohuwar taya. Wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ba shi da fitina. Wanda ke da tukunyar baƙin mai daban kuwa, gefe ɗaya kawai aka yarda a kwantar da shi, in an juya mai ya malale cikin silinda. In a jikin jirgin za a bar shi, a ɗaga ƙafarsa a tokare da katako a ɗaure.

Toshiyar ruwa ta ƙasan jirgin a cire ta kafin a tashi, musamman da damina. Ruwan sama mai zurfin santimita 5 a jirgin da faɗin cikinsa ya kai murabba'in mita 6 kilo 300 ne, kuma duk baya yake gangarawa.

A kan hanya

Kilomita 60 zuwa 70 a awa ya isa a kan kwalta. A gargada kada ka wuce 30, domin ƙaramar tayar tirela tana juyawa fiye da ta motar, kuma yawancinsu sifirin kawai gare su, ba abin da ke shanye girgiza. Ka ninka tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba. Tirela tana yanke kwana ta ciki, kuma tunda a Kamaru da Chadi hannun dama ake bi, kwanar dama ce matsattsiya: ka ɗan wuce gaba kafin ka karya, idonka a madubi saboda kwalbati da masu babur. In lilo ya fara, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe. Kada ka taka birki da ƙarfi, kada kuma ka ce za ka ƙara wuta ta daidaita. Wanda ya ɗauko jirgi daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zai sauko dogon gangaren Mbe kafin ya kama hanyar Garwa. Can da giya biyu ake sauka, in ba haka ba birki ya ɗau zafi ya saki.

Bayan kilomita 10 zuwa 15 na farko ka tsaya. Bel ya riga ya saki, ka ƙara ja. Ka ɗora bayan hannu a kan kowane hob. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma idan ɗaya ya fi ɗaya zafi, ko ba ka iya barin hannu a kai, boris ne ke kuka, kuma ba ya warkewa da ci gaba da tafiya.

Ribas kuwa sai da koyo a fili. Ka sa hannu ɗaya a ƙasan sitiyari: inda hannun ya nufa, can bayan tirela zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake murɗawa. Da ka ga ta fara naɗewa zuwa jikin mota, ka tsaya, ka ja gaba ta miƙe, ka sake. Yaron mota ya tsaya inda kake ganinsa a madubin gefenka, in ya ɓace maka ka taka birki.

Bakin ruwa

Nan ne ake asarar mota. Tafkin Lagdo, da aka gama madatsarsa a kan Binuwai a 1982, da na Maga na 1979, duk ruwansu ja da baya yake da rani. Inda ya janye, sama ta bushe ta tsattsage, ƙasa kuwa taɓo ne. Baƙar lakar Maga da gefen Logon ta fi kowace mugunta. A Logon da Shari kuma akwai wata matsalar: gaɓa takan yanke tsaye a ƙarƙashin ruwa, tayar tirela ta faɗa, gatari ya zauna a kan ƙasa. Saboda haka kafin mota ta kusanci ruwa, ka sauka da ƙafa da gora a hannu, ka caccaki hanyar da tayoyi za su bi har cikin ruwan. Ka gaisa da masunta ka tambaye su, sun san inda ƙasa ke da ƙarfi, sun kuma san inda dorina ke kwana. Mai shiga ruwan ya sa dogon takalmin roba, domin tsargiya ba baƙuwa ba ce a waɗannan ruwaye.

Ka tsaya nesa da gaɓa minti 15 zuwa 20. Dalili: hob mai zafi in ya shiga ruwa mai sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa ta zuƙo ruwa ta bakin sil, wato zoben robar da ke toshe bayan hob. A wannan jiran ne za ka mayar da toshiyar ruwa, ka ɗora inji, ka cire bel na baya, ka zare fulogin fitilu, ka ɗaura doguwar igiya a hancin jirgi. Winci da sarƙar gaba kuwa ba a sakinsu sai bayan jirgin ya taɓa ruwa.

In ƙasa mai ƙarfi ce, ka yi ribas har bayan jirgin ya fara tasowa. Idan zai sulale ba tare da hob ya nutse ba, to madalla. Birkin hannu tayoyin baya kawai yake riƙewa, waɗanda su ne kusa da santsi, don haka a sa waigi a na gaba.

In laka ce, motar ba ta sauka sam. A sa wa tirela waigi, a sauke ƙaramar tayar gaba a kan faffaɗan katako, a raba ta da mota. A ɗaura igiyar ja mai ƙarfi, mita 10 zuwa 15, daga wuyan tirela zuwa motar da ke kan tudu. Mota ta ja gaba har igiya ta miƙe, sannan a cire waigi, ta dawo baya sannu tana sakin tirelar. Kada kowa ya tsaya bayan tirela ko kusa da igiyar. Haka ake yi wajen fitarwa: giya ɗaya, a ƙaramin zango in motar mai jan ƙafa huɗu ce. Taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, ka ɗaga ƙafa nan take, domin ƙarin wuta rami kawai yake haƙawa.

Boris

Ka ɗaga tayar da jak, ka tokare, ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza. Motsi ɗan kaɗan da ƙyar ake ji daidai ne, ƙwanƙwasa kuwa a'a. Ka juya ta ka saurara, gurnani alamar lalacewa ce. Ka ɓalle murfin hob ka dubi giris. In ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga.

Ka miƙar da fin ɗin da ke riƙe noti ka zare, ka kwance noti, ka cire wosha da boris na waje, ka jawo hob. Ta baya akwai sil, ka ɓanɓare shi, boris na ciki ya fito. A wanke duka da kananzir a bar su su bushe. Ka duba a haske: ƙananan ramuka, tsatsa, ko shuɗin ƙuna, ko ɗaya ka gani a canza, kuma tare da zoben da yake gudu a kai, ba shi kaɗai ba. Lambar tana jikinsa, irin su 30205 ko L44649. Da lambar ake zuwa shago, ba da kwatance ba.

Giris mai jure ruwa ake sa wa, kuma ba a gauraya iri biyu. Ka ɗebo a tafin hannu, ka riƙa danna faffaɗan bakin boris a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen, kewaye duka. Shafa a waje kawai aikin banza ne. Sil sabo kowane lokaci, leɓensa na kallon ciki. Wajen ɗaure noti yawancin bakanike ke kuskure: ka ɗaure kana juya taya har boris ya zauna, ka sassauta, ka sake matsewa da yatsu kawai, sannan ka sa sabon fin a ramin da ya fi kusa ta hanyar sassautawa. Wanda aka ƙulle tam yakan ƙone kafin a kai ko'ina. Wannan na boris mai ɗan tsini ne. Wasu tirelolin Turai suna da rufaffen boris guda ɗaya wanda ba a sa masa giris, notinsa kuma da ƙarfi ƙwarai ake ɗaure shi, in ya lalace sai canji. Tirelar da ke nutsewa kullum a buɗe ta duk wata biyu zuwa uku. Wadda ba ta cika shiga ruwa ba, kafin damina da bayanta.

Tayar tirela rana ce ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna faɗin shekarunta: 3521 na nufin mako na 35 a 2021. Ta wuce shekara 6 ko ta fara tsagewa, a sauya. Iska da safe ake aunawa. Notocin taya a sake matse su bayan kilomita 50 duk lokacin da aka cire ta. Bayan kowace shiga ruwa a wanke lakar da ta maƙale a sifirin da cikin ƙarfen firam, a duba walda a inda wuya ya haɗu da jiki, nan ne tsaga ke farawa. In za a ajiye ta wata da watanni, a ɗora ta kan bulo, a rufe tayoyi da buhu, a saki birkin hannu don kada ya manne.

A hanyar Mora zuwa Kuseri ko ta Bogo zuwa Maga ba lalle ka sami boris mai lambarka ba. Ka tafi da safaya, jak da katakon da zai zauna a kai, sifana, guduma, gwangwanin giris, fin biyu, da cikakken hob guda da aka riga aka sa wa boris da sil aka naɗe a leda. Da shi, ban da notocin taya, noti ɗaya za ka kwance a gefen hanya.