Yadda za a taimaki yaro mai ciwon raunin tsoka ya yi zane a lesin hutu

Jama'a masu haɗa ma yara lesin dogon hutu a nan Katsina, in an kawo maku yaro mai ciwon raunin tsoka don Allah kar a aje shi gefe yana kallo lokacin zane. Ciwon nan ba shan inna bane, kuma ba a ɗauka, yawanci gadonshi ake. Iri-iri ne, wanda ya fi yawa a yara shi ne mai suna Duchenne, kusan duk maza yake kamawa, kamar yaro 1 cikin 3,500 zuwa 5,000. Da yawansu wajen shekara 10 zuwa 12 sun koma kan keke.

To ga abin da za ku riƙe: ƙugu da kafaɗa su ke fara yin sanyi, yatsu kam suna daɗewa da ƙarfinsu. Shi ya sa in ka ce ya zo ya yi zane a allon bango ka cuce shi, hannun ba zai ɗagu ba, amma ka kawo mashi tebur daidai cibiyarshi yadda keken zai shige ƙarƙashi, ya ɗora gwiwar hannu a kai, wallahi sai ka sha mamaki. In teburin yayi ƙasa a sa mashi bulo a ƙafafu. Takarda kuma ƙarama, rabin fallen littafi ma ya isa, a manne ta da salatif kar ta riƙa zamewa, in ya cika gefe ɗaya kai ka juya mashi ita ba sai ya miƙa ba. Ruwa da kala duk su zauna kusa da yatsunshi, a murfin kwalba, ba cikin gwangwani mai zurfi da sai an ɗaga hannu ba.

Kayan aiki kuwa marasa nauyi. Fensirin kala na son dannawa, yana gajiyar da su, gara alƙalamin maka ko kalar ruwa da buroshi mai laushi. Ni a ganina ma alƙalamin kara da tawada irin na makarantar allo ya fi, ba nauyi, kuma yaran mu sun san shi. In riƙon na kuɓuce mashi a naɗa soso ko tsumma a jiki yayi kauri. Ana iya yanka dankali a sassaƙa tauraro ya riƙa dangwalawa a kala yana bugawa. Yumɓu kuma kai za ka cuɗa mashi yayi laushi sosai, shi ya gina abinshi. Motar kara ma haka, wani yaro ya ɓare ya yanka, shi ya tsara ya sossoke.

Fentin feshi da gam mai ƙarfin wari a bar su gaba ɗaya, har ƙurar alli ma, don tsokar numfashinsu ita ma tana rauni, tarin kirki ba sa iyawa. Kuma a yi abin da safe kafin ɗaki ya ɗau zafi, in ka ga kai ya fara langaɓewa ko hannu na rawa a huta, ba sai ya ce ya gaji ba, su fa yara ne ba za su faɗa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne malami ya kama hannun yaro ya zana mashi hasumiyar Gobarau tsaf, a ce kai sannu Malam ƙarami ka iya. Ya sani sarai ba shi yayi ba. Ka tambaye shi, in riƙe maka ko ka iya? In ya ce bari, ka bari, ko da hasumiyar ta karkace.

Wajen ɗaga shi daga keke kuma kar a ciccibe shi ta hammata, kafaɗar ba ta riƙewa, zai iya sulluɓewa, kuma masu shan maganin sitiroyid da likita kan ba su don ciwon ƙashinsu na saurin karyewa. Ranar farko a roƙi mahaifiyarshi ko babanshi su nuna yadda suke yi a gida.