Yadda Ake Sa Fanka Ta Kunna Kanta da Arduino

Duk na'urar da ke sarrafa kanta abu uku gare ta: sensa mai aunawa, ƙaramar kwamfuta mai yanke shawara, da abin da zai yi aikin. A nan LM35 ce za ta auna zafi, Arduino Uno ya duba, fankar kwamfuta mai volt 12 ta juya. Sauran kayan su ne transisto TIP120, resisto 1k, diyod 1N4007, caja mai volt 12, allon gwaji da wayoyi.

Riƙe LM35 shafaffiyar fuskarta na kallonka, ƙafafu a ƙasa. Ta hagu ta tafi ƙafar Arduino (ramin jona waya) mai alamar 5V, ta tsakiya A0, ta dama GND, wato ɓangaren negatif. In ka juya ta, nan take za ta yi zafin ƙona yatsa, sai ka yi maza ka zare USB. Kowane digiri ɗaya millivolt 10 take bayarwa, Arduino kuma yana karanta 0 zuwa 1023. Don haka ninka abin da analogRead, umarnin da ke karanta A0 a manhajar da za ka rubuta wa Arduino, ya ba ka da 500, ka raba da 1024, ka sami zafin a digirin Celsius. Duba Serial Monitor, tagar da ke nuna saƙon Arduino a kwamfutarka, ka ga lambar ta yi kama da zafin ɗakin kafin ka taɓa fanka.

Kada ka jona fanka kai tsaye a ƙafar Arduino. Milliamp 20 aka yarda ƙafa ɗaya ta ɗauka, fanka kuwa ta fi haka nesa, ƙafar za ta ƙone. Shi ya sa ake sa TIP120 a tsakani ya zama makunni. Ƙafafunsa, rubutu na kallonka, daga hagu B, C, E ne. Ƙafa ta 9 ta Arduino ta bi ta resisto zuwa B, baƙar wayar fanka a C, E a GND, jar waya a volt 12 na caja. Diyod ɗin a gicciye shi kan fanka, zanensa ta wajen jar waya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne GND: dole na caja da na Arduino su haɗu, in ba haka ba fanka ko motsi.

A manhajar kada ka sa iyaka ɗaya. In ka ce digiri 32 kawai, da zafi ya tsaya a nan fanka za ta yi ta kunnawa tana kashewa. Ta kunna a 32, ta mutu a 30. Lambobi na rawa? Karanta sau goma ka ɗauki matsakaici, ka kuma nisanta wayar sensa daga ta fanka.