Kurakuran da masu koyon binciken hira suke ta maimaitawa

Duk shekara ɗalibai suna kawo mini hirarrakin da suka yi a ƙauyuka da unguwanni, kuma duk shekara ciwon ɗaya ne. Bakina ya gaji, bari in rubuta.

Babban laifin shi ne sa wa mutum magana a baki. "Inna, ai rashin kuɗi ne ya sa kika cire 'yarki daga makaranta, ko?" To me kake so ta ce? Kai baƙo ne, ga jaka ga rikoda, ga yaron mai unguwa tsaye a bakin zaure. Alkunya kaɗai za ta sa ta ce "Haka ne, ɗana." Ni ma na sha wannan ruwan. Hira 14 na yi da iyaye mata, na dawo ina taƙama. Malamina ya ɗauki jan biro ya bi maganata yana jan layi, sai ga shi na fi matan surutu a kowane shafi. Ashe ra'ayina na je na ɗauko. Wata biyu suka tafi a banza.

Yanzu cewa nake: "Ba ni labarin ranar da ta daina zuwa." Sai in kama bakina. In shirun ya yi nauyi, in kurɓi ruwa. Kuma ba na yarda da zama ɗaya. Mary Smith, Baturiyar da ta rubuta tarihin rayuwar wata tsohuwa Bahaushiya mai suna Baba ta Karo, makonni ta yi tana zama da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, da Hausa, kafin labarin kishiyoyi da ƙawaye ya fito. Kai kuma minti ashirin kake so a buɗe maka ciki?

Na biyu, tara sauti a waya da niyyar "sai na gama zan rubuta". Tawa a keke napep aka zare ta, da hira tara a ciki. Hirar awa ɗaya tana cin mini awa biyar wajen rubutawa, amma ba na fita wata sai na rubuta ta jiya.

Kada ka juya maganar mutane zuwa Turanci kafin nazari. "Kunya" da "haƙuri" ba sa tsallakawa lafiya. Mutum 12 ka yi hira da su, daina rubuta mini "kashi 75 cikin ɗari". Nemi izini kafin ka kunna rikoda. Kuma in mijin matar da kake hira da ita ya zauna yana amsawa a madadinta, yi sallama, ka dawo ranar kasuwa.