Inda masu nazarin siyasar labaran rediyo da talabijin ke yawan tuntuɓe

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibi ya samo rubutaccen labari, ya ƙirga kalmomi, ya ce ya nazarci tasha. Mai gabatarwa zai iya cewa 'yan adawa sun yi gangami, alhali hoton da ke gudana kujeru ne babu kowa a kai. Siyasar tana cikin hoton, kai kuma ka jefar da shi. A rediyo tana cikin murya: wa aka bari aka ji shi da bakinsa, wa kuma wakilin tasha ya taƙaita? Naɗi shirin gaba ɗaya. Ga kowane labari ka rubuta matsayinsa a jeri, tsawonsa, wanda ya yi magana kai tsaye, wanda aka ambata kawai, da hoton da aka ɗora. Da daƙiƙa za ka auna, domin manazarci Daniel Hallin ya gano cewa matsakaicin tsawon maganar ɗan takara a labaran talabijin na Amurka ta ragu daga kusan daƙiƙa 43 a 1968 zuwa 9 a 1988.

Kuskure na biyu ya fi muni. Sai ka ga an tara daƙiƙoƙi, jam'iyya mai mulki ta fi yawa, shi ke nan an yanke hukunci wai tasha ta ɗauki ɓangare. Haba! Gwamnati ce ke sa hannu a doka, ita ke gabatar da kasafi, dole ta fi fitowa. Raba minista a bakin aikinsa da ministan nan a dandalin yaƙin neman zaɓe. Sannan minti uku na zargin almundahana ai ba gata ba ne. Ni dai ba na karɓar adadin lokaci sai an haɗa da yanayin labarin: yabo, suka, ko tsaka-tsaki.

Kada ka ɗauki kwana bakwai a jere, rikici ɗaya zai mamaye su duka. Na fi son a zaɓi kwana biyu daga kowane wata ta hanyar ƙuri'a.

Kada ka tantance labaran kai kaɗai. Ka ba wani mutum kashi 10 cikin ɗari na labaran ya yi nasa daban, ku gwada da ma'aunin Krippendorff, wanda ke auna yadda tantancewarku ta zo ɗaya. In ya gaza 0.667, rukunan da ka kasa labaran ne ke da matsala, ka sake fayyace su.

Shirin da jam'iyya ta biya kuɗinsa, ware shi daga labarai.

Ka kuma daina rubuta cewa tasha ta juya ra'ayin jama'a alhali ba ka tambayi kowa ba. Manazarta McCombs da Shaw, a zaɓen Amurka na 1968, sai da suka tambayi masu zaɓe 100 da ba su tsai da shawara ba a garin Chapel Hill, suka kwatanta amsoshinsu da abin da kafofin labarai suka fi bai wa muhimmanci.