Yadda ƙungiya za ta sake duba ƙa'idojinta ba tare da ta dare gida biyu ba

Kusan kowace ƙungiya a Kaduna tana da takardar manufofi: ƙungiyar ci gaban unguwa, ta 'yan kasuwa, ta tsofaffin ɗalibai, ta zaman lafiya da ke haɗa mutanen Tudun Wada da na Sabon Tasha. An rubuta ta lokacin neman rajista, aka sa a fayil, ba a sake ɗauko ta sai ranar da rikici ya taso. Akwai wasu mutane a Amurka da suka daɗe suna sarrafa irin wannan takarda, kuma tsarinsu abin dubawa ne ga mai riƙe da ƙungiya, ko da bai yarda da addininsu ba.

Su ne majami'un Yuniteriyan. A 1961 ƙungiyarsu ta haɗe da ta wata ɗarika mai suna Yunibasalis, aka samu haɗaɗɗiyar ƙungiyar majami'u da ake kira UUA, mai hedikwata a Boston. Ba su da aƙida guda da dole kowa ya furta kafin ya shiga, kuma kowace majami'a ce ke mulkin kanta. Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne Sashe na Biyu na kundin tsarin ƙungiyar. Daga 1985 zuwa 2024 wannan sashe yana ɗauke da ƙa'idoji bakwai. Ta farko ita ce ƙima da mutuncin kowane mutum, ta biyar 'yancin bin lamiri da yanke shawara ta hanyar ƙuri'a, ta bakwai kuma girmama yadda dukkan halittu suka dogara da juna.

Ku fara da tantance ko mece ce takardarku. A wurinsu alƙawari ce tsakanin majami'u a kan yadda za su zauna da juna da abin da za su yi wa al'umma, kuma kundin ya hana a mai da ita ma'aunin imanin mutum. Ƙungiyar da ke da Musulmi da Kirista ba ta da wata mafita sai wannan. Ku rubuta "mun yi alƙawarin ba za a raba tallafi bisa addini ko ƙabila ba". Jimlar da ta fara da "mun yi imani" za ta jawo muhawarar da ba ta ƙungiya ba ce.

Takardar da ba a amfani da ita ba a gane inda ta tsufa. Su Yuniteriyan sun buga ƙa'idojin a farkon littafin waƙoƙinsu, suna liƙa su a bango, sun yi wa yara sauƙaƙƙen lafazi don haddacewa. Ku ma ku karanta ƙa'ida ɗaya a buɗe kowane taro, minti biyu ya isa. A yi wa sabon memba bayaninsu kafin a karɓi kuɗin fom. Idan kwamiti ya kawo shawarar kashe kuɗi, sakatare ya rubuta a cikin bayanan taro ƙa'idar da ta halatta hakan. Kafin shekara ta zagayo za ku ga wadda ake yawan komawa gare ta da wadda ba wanda ya taɓa ambata.

Sai ku sa wa'adin bita tun ana zaman lafiya. Kundin UUA ya wajabta a sake nazarin sashen idan shekara 15 suka wuce ba a yi hakan ba. Amfanin wannan babba ne: idan lokaci ne ya kawo bitar, ba wanda zai ce wane ne ya tayar da ita don ya ci zarafin shugabanni. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga ƙungiyar unguwa, inda membobi ke yawan sauyawa, shekara 5 zuwa 7 ta fi dacewa.

Kwamitin bita kada ya wuce mutum bakwai, kuma kada shugaba mai ci ya jagorance shi, domin mutane ba sa sakin baki a gabansa. A sa mata da matasa da gaske, ba don cika lissafi ba. Gyaran 1985 da ya kawo ƙa'idoji bakwai ɗin ya samo asali ne daga matan UUA, waɗanda suka matsa tun daga wani kuduri na 1977 cewa lafazin 1961 da maza kaɗai yake magana. Wanda takarda ta manta da shi, shi ke fara ganin giɓin. Idan membobinku sun bazu arewa da kudancin kogin Kaduna, a yi zama a ɓangarorin biyu, a kauce wa azahar ɗin Juma'a da safiyar Lahadi.

Aikin farko na kwamiti sauraro ne, kada ya zo da daftari. A tara mutum takwas zuwa goma sha biyu a kowane zama, a yi musu tambaya uku: wace ƙa'ida ce ta taɓa yi maka amfani, wacce muke faɗa ba ma aikatawa, me muke yi da takardar ba ta ambata ba. Mutum ɗaya ya riƙa rubuta amsoshi da kalmomin masu su. Bayan an yi daftari, a jera tsohon lafazi da sabo gefe da gefe a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a kuma karanta shi a saƙon murya a WhatsApp saboda waɗanda karatu ke yi wa nauyi.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne ƙuri'a. A 2009, a babban taron UUA na Salt Lake City, an kawo sabon daftari bayan dogon nazari, amma ba a ba wakilai damar gyara shi a zauren ba, sai dai e ko a'a. Ya faɗi da ɗan ƙaramin rata. Mutumin da jimla ɗaya ta tsaya masa a rai, idan aka hana shi taɓa ta, zai watsar da duka. A zagayen baya-bayan nan sun sauya salo. An kafa kwamiti a 2020. A 2023 a Pittsburgh aka yi gyare-gyare, aka amince a matakin farko, inda rinjaye kawai ake bukata. Aka ba majami'u shekara guda su tattauna. Mai son ƙarin gyara a wannan tsakani sai ya samu goyon bayan majami'u 15, gyaran kuma ya samu kashi uku cikin huɗu. A watan Yunin 2024 aka yi ƙuri'ar ƙarshe mai bukatar kashi biyu cikin uku, ta samu kimanin kashi 80 cikin ɗari. Sabon sashen ya sa ƙauna a tsakiya, da ɗabi'u shida kewaye da ita: adalci, daidaito, karamci, sauyi, yarda da bambance-bambance da dogaro da juna.

Ku ɗauki wannan tsari ku rage shi daidai ƙarfinku: ƙuri'a biyu, da aƙalla wata uku a tsakani, ta farko rinjaye, ta biyu kashi biyu cikin uku. A yi ta a asirce da takarda, saboda matashi ba zai ɗaga hannu ya saɓa wa dattijon unguwarsu ba. A fayyace adadin da dole su halarta kafin ƙuri'a ta inganta.

Idan wata shawara ta yi zafi, a bar reshe ɗaya ya gwada ta. Haka aka yi da ƙa'ida ta takwas, ta yaƙi da wariyar launin fata, wadda majami'u da dama suka amince da ita ɗaya bayan ɗaya, kuma 'yan Yuniteriyan na Kanada suka ƙara ta a nasu jerin a 2021.

Waɗanda suka sha kaye a ƙuri'a ba a yi musu gori. Kashi ɗaya cikin biyar na wakilan 2024 ba su amince ba, kuma akwai majami'un da har yanzu suke amfani da ƙa'idoji bakwai na da. Ku adana tsohon lafazi a kundin tarihin ƙungiya, ku ba ɗaya daga cikin masu adawa kujera a kwamitin aiwatarwa. Idan kuna da rajista da CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, kuma gyaran ya taɓa kundin tsarinku, sai an shigar da shi wurinta, tare da bayanan taron da aka amince da shi, kafin ku dogara da shi a banki ko a kotu.