Kurakuran da na gaji da gani a makon farko na jariri

Aikina a ɗakin haihuwa yake, kuma gajiya ce ta sa na zauna rubuta wannan. Kurakurai iri ɗaya nake gani wajen masu haihuwar fari, wajen kakanni, har wajen ɗaliban da suke zuwa mana koyon aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin jariran da ake rasawa a watan farko, kusan kashi 75 cikin 100 a makon farko suke tafiya. A wannan makon kuwa aka fi yin abin da aka ga dama da jariri.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne raba jariri da ƙirjin uwarsa. Da ya faɗo sai a ɗauke shi a yi masa wanka, a shafe shi da mai da hoda, a naɗe a ajiye gefe, ita kuma uwar a wuce da ita wajen ruwan zafi. Yaro ya fito daga ɗumin ciki jikinsa a jiƙe, ba shi da kitsen kirki, ba ya iya rawar ɗari ya ɗumama kansa irin na manya. Ko a Sakkwato cikin bazara jariri yana iya yin sanyi. Sanyin nan shi ke cinye sukarin jikinsa, sai tsotso ya gagara, numfashi ya rikice.

Idan bakwaini ne abin ya fi muni, don mutane sun riga sun yanke cewa in babu kwalba babu rayuwa. Tun 1978 likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, da kwalabe suka yi musu kaɗan, suka fara ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata. Shi ake kira goyon kangaru. Shekaru da yawa ana cewa sai yaro ya ɗan murmure a kwalba tukuna a fara. A 2021 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci biyar: Kumasi a Gana, Ile-Ife a Najeriya, Darussalam a Tanzaniya, Bilantaya a Malawi, da Delhi a Indiya. Jarirai 3,211 ne, nauyinsu daga kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8. Rabi aka ɗora su a ƙirjin uwa nan take, rabi aka jira kamar yadda aka saba. Cikin kwana 28, na farkon an rasa kashi 12 cikin 100, na biyun kashi 15.7. Bambancin ya kai har masu sa ido suka dakatar da binciken kafin lokacinsa, don ba daidai ba ne a ci gaba da hana sauran jarirai abin da ya bayyana yana ceton rai. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idarta: a fara nan take, awa 8 zuwa 24 a rana.

Na san kuɗin wannan kuskure a cikin gidanmu. Ƙanwata ta haifi bakwaini a gida cikin hunturu, ba na gari. Sun so yaron, ba wanda ya yi masa mugunta. Wanka safe da yamma, kaskon garwashi a ɗaki, zannuwa a kansa tuli, yana kwance shi kaɗai a gado. Da na iso na taɓa ƙafarsa na ji ta sanyi ƙalau. Na tambaya yaushe rabonsa da nono, aka ce mini ai yaro ne mai haƙuri, ba ya kuka, barcinsa kawai yake yi. Muka garzaya asibiti, amma lokaci ya ƙure. Allah Ya ji ƙansa. Har yau in na ji ana yabon ɗan kwana biyu da rashin kuka, gabana faɗuwa yake yi.

Don haka ni da hannuna nake ɗaura goyon farko, ba na barin sa ga bayani da baki. Kunzugu, hula da safa kawai a jikin yaro. A miƙe tsakanin nonuwa, kai a juye gefe don hanci ya sami iska, ƙafafu a lanƙwashe, zani ya riƙe shi daidai ƙasan kunnensa, uwar ta ɗora riga a sama. In za ta kewaya ko ta yi wanka, uban ya karɓa, ko kaka. Malam, ƙirjinka ma yana da ɗumi, ba abin kunya ba ne. Ina kuma koya wa kowace uwa ta riƙa taɓa tafin ƙafar yaro da bayan hannunta: in ya fi cikinsa sanyi, a mayar da shi ƙirji. Amma kada a fahimce ni a baibai. A binciken nan uwayen suna cikin ɗakin jinyar jarirai ne, yaro yana ƙirji ana ba shi iska da ƙarin ruwa in yana bukata. Bakwaini a goya shi a ƙirji a tafi da shi asibiti a haka, ba a zauna a gida ba.

Ku kuma ɗalibai, sikeli ba zai gudu ba, katin ma zai jira. A tsane jariri da busasshen tawul, a ɗora shi a kan uwarsa, a rufe su tare na awa guda aƙalla. Wanka sai bayan awa 24. In kaka ta matsa, ku yi mata bayani cikin ladabi, amma kada ku miƙa mata yaron.

Na biyu shi ne ciwon shawara. Ido ya yi ɗorawa, sai a ce a shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan gulukos ko jiƙo, ko a sayo maganin ɗigawa a kemis. Ana haka kwana uku sun wuce. Abin da ke faruwa shi ne jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, hantar jariri ba ta yi ƙwarin kwashe dattin ba, in ya taru ya yi yawa sai ya hau ƙwaƙwalwa. Na ga yaran da suka tsira da rai amma suka kurumce, wasu har sun shekara wuyansu bai tsaya ba. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa, alhali hasken fitila ta musamman na kwana biyu ko uku a asibiti kan hana ta.

Masu cewa ai bincike ya nuna rana tana magani, rabin labari suka ji. An yi binciken a Legas, an buga shi a 2015, a kan jarirai 447. An sa su ne ƙarƙashin rumfa mai wata leda ta musamman da ke tace hasken da ke ƙona fata, ma'aikata suna auna zafin jikinsu a kai a kai, ana auna jininsu. A haka hasken rana ya yi aiki daidai da fitila. Tsakar gidanki ba wannan rumfar ba ce. Yaro zai ƙone ko ya bushe, shawarar kuma tana nan tana hawa.

Ku fitar da kafur daga akwatin kayan jariri tun kafin haihuwa, ku wanke kayan da suka kwana da shi. Yara da yawa a ƙasashenmu, musamman maza, suna da wani rauni na gado a jini da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, kuma ƙamshin kafur kaɗai yana iya fasa musu jini. Lalle ma haka, kada a sa wa jariri. Ni ɗabi'ata, kullum a makon farko in kai yaro bakin ƙofa inda akwai haske, in danna goshinsa ko hancinsa da yatsa in ɗaga, in duba dasashi da farin ido. Ɗorawa a ranar farko, ko wadda ta sauko tafin hannu da ƙafa, asibiti yau ɗin nan, ba bayan suna ba.

Cibiya kuwa, a daina gashi da tsumma mai zafi, a daina man goge baki, gishiri, toka da kashin shanu. Binciken Nepal na 2006 da na Bangaladash da Pakistan na 2012 sun nuna kuloheksidin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake shafawa a cibi, yana rage ruɓewar cibi da mutuwa. Na Zambiya da Tanzaniya a 2016 ba su ga raguwar mutuwa ba. Shi ya sa yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar cibi a bushe cikin tsabta, sai inda aka saba shafa masa abubuwa masu cutarwa a yi amfani da maganin. Ni ina bayar da shi, don na san in na sallami mai jego hannu biyu, wani zai nemo abin shafawa. Sau ɗaya a rana, mako guda, a cibi kaɗai. Yara sun makance a ƙasashen Afirka da dama saboda an ɗiga musu shi a ido.

Sauran ba sa bukatar dogon zance. Dakashi ba datti ba ne, shi ne rigakafin farko, a sa yaro a nono cikin awar farko. Ruwa ba ya shiga bakinsa sai ya wata 6, ko da zafi ake, nono ya ishe shi. Zuma sai ya shekara. Beli a bar shi inda Allah Ya sa shi, askar wanzami tana jawo zubar jini da cuta. Kwalli yakan ƙunshi darma, a kiyaye idon yaro da shi. Maganin tari da na haƙori na kemis ba na jariri ba ne. Gurɓataccen maganin haƙori ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya a 2008 da 2009, gurɓataccen na tari ya kashe kusan 70 a Gambiya a 2022. Alluran ranar haihuwa, na tarin fuka da ciwon hanta da ɗigon shan inna, ba sa jiran arba'in.

In yaro ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ƙirjinsa yana lotsawa, a tafi ko tsakar dare ne. Numfashi kuma ana ƙirga shi da agogon waya yana kwance shiru: minti ɗaya cur, in ya kai 60 a sake ƙirgawa, in ya sake kaiwa a ɗauki mayafi.