Man giyar da ya dace da tsohuwar bas mai ja da ƙafa huɗu

Garejina na kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma yawancin tsofaffin bas masu ogzilari, wato masu ja da ƙafa huɗu, da ake kawo mini, irin su Mitsubishi L300 da Toyota Hiace, ba tsufa ne ke kashe musu giya ba. Mai ne. Mai mota zai aiki yaro ya ce "sayo man giya mai kauri," a zuba shi ko'ina a ƙarƙashin motar, bayan 'yan watanni giya lamba biyu ta fara ƙara idan za ta shiga.

Abu na farko, motarka ba wuri ɗaya take shan man giya ba. Wuri huɗu ne: giyabos, da taransifa wadda ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da aksil na gaba, da aksil na baya. Ba lallai abin da ya dace da ɗaya ya dace da sauran ba.

Idan ka ɗauki galan, kafin ka dubi sunan kamfani ka nemi rubutun GL-4 ko GL-5. Cibiyar man fetur ta Amurka, wato API, ita ta tsara waɗannan lambobi. Mutane da yawa suna ɗauka 5 ta fi 4 kyau tunda ta fi ta girma. Ba haka ba ne, aikinsu ne daban. GL-5 yana ɗauke da sinadarin farar wuta da fosfaras kusan ninki biyu na GL-4, saboda haƙoran aksil ba haɗuwa kawai suke yi ba, gugar juna suke yi da ƙarfi ƙarƙashin kaya. Wannan sinadari shi ke shimfiɗa wata 'yar fata a kan ƙarfen don kada haƙori ya ci haƙori. To amma a cikin giyabos na manuwal akwai zobba na tagulla masu daidaita gudun giya kafin ta shiga. Tagulla ba ta da taurin ƙarfe, sinadarin yana cin ta a hankali idan mai ya yi zafi, kuma santsinsa yana hana zoben kamawa yadda ya kamata. Daga nan ƙarar ke farawa. Na sha kwance giyabos na tarar da mai yana ƙyalli ruwan gwal, zobban ne suka narke a ciki.

Saboda haka ƙa'idata ita ce GL-4 a giyabos, GL-5 a aksil biyun. L300 GL-4 take so a giyarta. Littattafan Toyota da dama sun yarda da kowanne cikin biyun, amma motar da ta haura shekara 25 ni GL-4 nake ba ta, don zobbanta sun riga sun sha jiki. Mai Volkswagen Syncro, wadda aka ƙera daga 1985 zuwa 1992, ya sani cewa giyarsa da aksil na baya a tukunya ɗaya suke, mai ɗaya suke sha, kuma GL-4 ne. Idan ka ga galan an rubuta GL-4 da GL-5 tare, daga kamfanin da ka yarda da shi, ba laifi.

Sai maganar kauri, inda muka fi samun saɓani da direbobi. Suna ganin tunda zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40, sai an zuba mai mai lambar kauri 140 ko'ina. A aksil na baya na motar da ke ɗaukar buhuna daga Dawanau kullum, ko wanda ya fara kuka, 85W-140 yana da amfani. A giyabos kuwa cuta ne. Da sanyin safiyar hunturu man zai daskare kamar zuma, direba ya dinga kokawa da sandar giya, yana ƙara lalata zobban. 80W-90 ya ishi aksil a yanayinmu, giyabos kuma 75W-90 ya fi laushin hannu. Kada lambar 90 ta tsorata ka, ma'aunin man giya daban yake da na baƙin mai, kaurinsa bai wuce na baƙin mai mai lamba 40 ko 50 ba.

Taransifa ka bi abin da littafin motar ya ce, domin wasu man giya suke sha, wasu kuma jan mai na otomatik. Idan giyar kanta otomatik ce, jan man nan kaɗai za a zuba mata. Idan kuma aksil na baya mai rage zamewar ƙafa ɗaya ne, wanda ake rubuta wa LSD, nemi mai mai alamar LS, in ba haka ba zai riƙa karkarwa a kwana.

Kada ka sayi man awo na cikin kwalba. Ba ka san ko GL nawa ba ne, wani ma tsohon baƙin mai ne aka tace. Araha ba ta ado. Sayi galan a rufe da hatiminsa, ka tanadi kamar lita 8 don wuraren huɗu.

Ranar juye ka tsaya a wurin da kanka. A zagaya da motar tukuna man ya yi ɗumi, a tsayar da ita a wuri mai daidai. A fara kwance notin zubawa na gefe kafin na ƙasa, domin idan an zubar da mai sannan na saman ya cije, motar ta kwana a gareji. Dubi mayen ƙarfen da ke jikin notin ƙasa: baƙin gari mai laushi ba komai, ɓarɓashin ƙarfe kuwa boris ko haƙori ne ke ci. A zuba sabo har ya fara dawowa ta bakin ramin, a sa sabuwar wosha.

Ina canjawa duk kilomita 40,000. Amma idan motar ta ratsa ruwa mai zurfi da damina, kamar yadda ake yi a hanyoyin ƙauye cikin Agusta, kada ka jira. Aksil mai zafi yana zuƙar ruwa ta ƙofar numfashinsa. Buɗe noti ka duba, idan man ya koma kalar shayi da madara, a juye shi ranar.